Yadda Za Ka Zaɓi Injin Samfefa Na Girke A Shagon Kafinta

Duk kafintan da ke Bauchi ya san lokacin da aiki ke shaƙe shi: bayan kaka, an sayar da amfanin gona, iyayen amare sun fara kawo kuɗin gado da wadrob da madubi. A nan ne za ka tarar yara sun duƙa tun safe suna gurzar katako da samfefa, mai fenti na zaune yana jira. Ƙaramin injin hannu yana rage wahala, amma in aiki ya yi yawa sai an girke babba, wanda katakon ake kai masa. Sai dai injinan kala-kala ne, kuma kowanne da inda ya fi ƙwarewa.

Matakin farko ba a kasuwa yake ba, a shagonka yake. Ka lura da abin da ya fi cin lokacin yaranka. Gefen katako ne da bakinsa? Lanƙwasar kan gado da hannun kujera? Ko kuwa faffaɗan allo, irin saman tebur da ƙofa? Amsar nan ita za ta zaɓa maka inji.

Na biyu, ka san abin da kowanne ya iya. Mai bel yana da samfefa kamar ɗamara da ke zagaye kan ganguna biyu. Yana cin katako da sauri, kuma yana bin jijiyar katakon, shi ya sa ba ya barin zane a gicciye. Mai faifai kuwa gwanin bakin katako ne, wato inda zarto ya yanka, da daidaita kusurwar firam da zagaye na waje. Kada ka ɗora masa fuskar allo, zai bar maka zane mai gewaye wanda banish zai tona. A gefen da faifan ke gangarowa ake aiki. In ka kai katako ɗaya gefen, zai ɗaga shi ya cilla maka. Kuma bakin faifan ya fi tsakiyarsa gudu, don haka nan ne maɗaci ke saurin ƙonewa in ka tsaya wuri ɗaya.

Ana haɗa waɗannan biyun a jiki ɗaya, kuma a ganina shi ne ya kamata ya fara shiga yawancin shagunanmu. Ka nemi mai bel inci 6 da 48, wato faɗi da tsawo, da faifai inci 9 ko 12. Ƙaramin nan mai inci 4 da 36 na mai 'yan gyare-gyare ne a gida. Ka danna masa ƙafar gado ta iroko, sai ka ji muryarsa ta canja.

Akwai mai sanda, wadda ke juyawa tana hawa tana sauka. Aikinsa cikin lanƙwasa ne, inda bel da faifai ba sa shiga. In kana yawan yin gado mai ado ko kujerun falo masu lanƙwasasshen hannu, zai biya kuɗinsa. In akasarin aikinka miƙaƙƙe ne, bar shi. Gangar da ke ƙarshen bel tana iya ɗan rufa maka asiri.

Mai ganga shi ne wanda mutane suka fi kwaɗayi, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Ana tura allo ta ƙarƙashin ganga, ya fito da kauri ɗaya sumul. Wanda gefensa ɗaya ke buɗe, mai inci 16, yana iya gyara allo mai faɗin inci 32 in an juya shi an sake turawa. Amma ba injin fere katako ba ne. Kaɗan-kaɗan yake ci, ƙasa da milimita a kowane zagaye. Katakon da aka ɗauko daga kasuwar Muda Lawal da sawun zarto a jikinsa sai an fara fere shi tukuna. Wanda ya matsa masa don sauri, samfefar za ta yi zafi, ta toshe da gam, ta zana baƙin layi a tsawon allon. Kuma in yawancin kayanka na MDF ne, wato allon garin katako da aka matse, ko falankin da aka riga aka lulluɓe, ba ka da abin yi da shi, don fatar saman siririya ce, nan take zai cinye ta. Babban yayansa mai faffaɗan bel na masana'anta ne.

Na uku, wuta. Kafin ka tambayi farashi, karanta ƙaramin allon da ke jikin moton. Wutarmu volt 230 ce a kan 50Hz. Tokumbo da yawa daga Amurka 110 ko 120 ne a kan 60Hz. Ko ka sa masa tiransifoma, zai rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, yana kuma iya ɗaukar zafi. Manyan injina da dama sai wuta mai layi uku, ka tabbatar kamfanin wuta na JED ya kawo maka ita kafin ka biya. Moto mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana bukatar sama da wat 1,100, amma lokacin tashi yana jan ninkin haka sau uku ko fiye. Janaretan da ke riƙe fanka da ƙwan fitila ba zai tayar da shi ba.

Na huɗu, samfefar kanta. Kafin inji, ka zagaya ka ga ko ana samun girman bel ɗinsa a gari, ko sai an aika Kano ko Legas. Araha ba ta ado: injin da babu abincinsa a kusa, teburin ajiye kaya zai zama. Lamba 60 da 80 na cin katako ne, 120 na daidaitawa, 180 zuwa 220 na kafin banish. Kada a yi tsalle daga 60 zuwa 180, zanen na farkon ba zai goge ba.

Daga nan sai gwaji. Ka tafi da guntun katako mai tauri da sukwaya a aljihu. A kunna a gabanka. Ka saurari boris, ka ga ko bel yana zamewa gefe, ka ɗora sukwaya tsakanin tebur da faifai ka ga ko haske na ratsawa. Teburin ƙarfen zubi ya fi na gwangwani nesa ba kusa ba. Ka danna katakon da ɗan ƙarfi. In gudun ya faɗi sosai, moton ya yi ƙarami ko an taɓa naɗa shi ba daidai ba.

Sai wurin girkewa. Ka ɗaure shi da ƙusoshi a ƙasa ko kan benci mai nauyi, nesa da inda ake fenti. Ka duba yana da bakin da za a jona injin zuƙar ƙura. Mai ganga ma ba ya aiki da kyau in babu shi. Garin iroko da na MDF suna taɓa ƙirji, ga ƙurar hunturu a kai, saboda haka a saya wa yara takunkumin hanci na gaske, a hana doguwar riga mai faɗin hannu kusa da bel, kuma kada a wasa ƙarfe a kansa alhali garin katako na tare a ciki, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara.