Babi na Huɗu: Wa Ke Cin Wa a Gona

Darasi na ɗaya: Sarƙar abinci

'Yan'uwa, ku buɗe littafin rubutu, kowa ya sami sabon shafi. Duk wanda ya taɓa noma a Jazira ko Gadarif, a ƙasar Sudan, ya san cewa fara tana cin dawa, ƙadangare yana cin fara, shirwa kuma tana ɗauke ƙadangare. Wannan jerin shi ake kira sarƙar abinci, kuma kullum da tsiro ake farawa, domin shi ne yake haɗa abincinsa da kansa daga hasken rana da ruwa da iska.

Ku rubuta "dawa" a hagun shafi. Hagu fa, domin hannun da ya saba da ajami da Larabci yakan gudu dama. Sannan ku ja kibiya zuwa ga "fara". Kan kibiya yana kallon mai ci, domin kibiyar tana nuna inda abinci ya shiga. Dawa ta shiga cikin fara, saboda haka tsinin yana wajen fara. Wanda ya juya tasa kada ya ji kunya, ya goge ya sake.

Yanzu fara da ƙadangare. Wa ya shiga cikin wa? Fara ce ta shiga, tsinin yana wajen ƙadangare. Ku ɗora yatsa a kansa ku faɗa da baki: kan kibiya yana kallon mai ci. Idan har a ƙadangare da shirwa wani ya sake juyawa, to ba wahalar darasi ba ce, gaggawa ce, kuma dattijo bai kamata ya rubuta cewa ƙadangare ya haɗiye shirwa ba.

Darasi na biyu: Idan sarƙa ta tsinke

A gonakin auduga na Jazira, yawan feshin magani ya kashe ƙwarin da ke cin farin ƙuda, wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsotsar ganyen auduga, sai farin ƙudan ya yi yawa a ƙarshen shekarun 1970, har danƙon da yake fitarwa ya riƙa ɓata auduga. Ku zana auduga, farin ƙuda da mai cinsa, ku soke na ƙarshen, ku faɗi wanda zai ƙaru. Ku duba kibiyoyinku tukuna.

Darasi na uku: Taimakon juna

Gawo yana zubar da ganye da damina, ganyen ya zama taki ga dawar da ke ƙarƙashinsa, da rani kuma dabbobi su sami inuwa da 'ya'yansa. Ku kawo wani misali.

Darasi na huɗu: Ruɓewa

Gara da tana suna mayar da matattun abubuwa ƙasa. Ku kwafi wannan jimla sau biyu.