Yadda ake gwada gilashin kamara kafin a biya kuɗinsa

Kamarori irin Nikon D850, wadda ta fito a 2017 da megafiksel 45.7, wato ɗigogin hoto miliyan 45.7, ko Sony A7R IV mai 61, suna da ɗigogin kama haske ƙanana ƙwarai, waɗanda faɗinsu bai kai maikiron biyar ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Saboda haka duk aibin gilashin da tsohuwar kamara ke rufa wa asiri, su tona shi suke yi, kuma wanda zai sayi gilashi na hannu a Bauchi ya kamata ya gwada shi a kan kamararsa.

Da farko a cire murafunsa biyu, a haska fitilar waya ta baya, a leƙa ta gaba. 'Yar ƙurar hunturu ba ta cika ɓata hoto ba, amma idan aka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce da laimar damina ta haifar, kuma tana cin shafen da ke hana gilashi ƙyalli. Wannan a bar wa mai shi kayansa.

Daga nan a kafa kamara a kan sandarta mai ƙafa uku, ta fuskanci katangar bulo sosai ba tare da karkata ba, a sa ISO, wato ma'aunin ƙarfin kama haske na kamara, a kan 100, da jinkirin daƙiƙa biyu don kada hannu ya girgiza ta. A ɗauka da ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya, sannan a riƙa tsuke ta zuwa f/5.6, f/8 da f/16, domin girman lambar ƙanƙantar ƙofar ne. Hotunan kuwa a kwamfuta za a duba su, a girmansu na ainihi, domin allon bayan kamara yana yaudara. Tsakiya kusan kullum takan fito tangaran, don haka kusurwoyi huɗu ne abin dubawa: idan ɗaya ta dushe sauran suna garau, ɗaya daga cikin gilasan da aka jera a cikinsa ya goce daga saitinsa, galibi sakamakon faɗuwa. Laushin da ake gani a f/16 ba laifin gilashin ba ne, haske ne ke bazuwa idan ya ratsa ƙaramar kafa.

Gwajin ƙarshe shi ne ɗaukar farin abu a rana tsaka. Gilashi ba ya lanƙwasa launuka daidai wa daida, shi ya sa maras inganci ke barin layin shunayya ko kore a gefuna, abin da masu ƙira ke ragewa da gilashi mai alamar ED. Wanda zai ɗauki fararen rawuna a hawan Daushe, wannan gwajin ne ya fi shafarsa.