Yadda za ku ci moriyar fita ɗaukar hoto a ƙungiyance a birnin Garwa na Kamaru

Idan mutum goma suka jeru a bakin kogin Binuwai, kowa ya saita kyamararsa kan dorina guda, hoto ɗaya suka ɗauka sau goma. Wannan ne ya fi ɓata fitar ƙungiya, kuma tun daga gida ake maganinsa.

Ku fara da tsayar da wuri ɗaya tun ana gobe: ko bakin kogi, ko babbar kasuwa, ko tafkin Lagdo wajen masunta. Kada a haɗa su, Lagdo kaɗai yini guda take ci. A tara kuɗin mota da na ruwa a hannun mutum ɗaya, kowa ya cika batirinsa, ya sa katin shaida a aljihu.

Sai lokaci. Rana kan fito wajen ƙarfe 6, don haka a haɗu da an idar da sallar asuba. Kafin hantsi haske na da laushi, bayan nan inuwa ta cika fuskokin mutane. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, har waya ta ɗauki zafi ta ƙi aiki. Da hunturu kuwa ƙura ce matsala, kada ku kwance gilashin kyamara a fili. Amma ni ina son hazo, domin shi ke mayar da rana ja jawur a kan ruwa.

Da kun isa, ku rabu biyu-biyu ko uku-uku. A haɗa gwani da sabon shiga, kuma a kowane rukuni a samu mai jin Fillanci. A ba kowa abin da zai farauta: waɗannan hannayen masu gyaran raga, waɗancan kwale-kwale, wasu kuma inuwa a kan yashi. A sa sa'ar dawowa da bishiyar da za a taru.

Batun izini shi ne na fi damuwa da shi. Taron baƙi da kyamarori yana tsorata mutane. A ƙauye ku fara gaida jauro ko lawan, ku faɗi abin da ya kawo ku. Ku yi sallama, ku ɗan taɓa hira kafin ku ɗaga kyamara. Mata masu wanki a bakin ruwa, in sun ce a'a, magana ta ƙare. Wanda ya yarda, ku nuna masa hotonsa nan take. Barikin soja, filin jirgin sama, shingen jandarma, gada da ita kanta madatsar Lagdo, ku kawar da kyamara daga gare su sai da izinin hukuma. Dorina kuma daga nesa, balle mai ɗa.

Bayan kun dawo, ku zauna a dafa shayi, kowa ya fito da hoto biyar kacal maimakon zuba ɗari a WhatsApp. Ya faɗi inda ya tsaya da dalilinsa, sauran su ce ga inda aka dace, ga inda aka kuskure. A nan sabon shiga ke koyon hannu. Kafin a watse, a zaɓi hotunan mutanen da suka ba ku izini, a wanko su, a ɗora wa mutum ɗaya kai musu ranar kasuwa mai zuwa.