Ku ajiye biro kusa da gado

Salam 'yan uwa, wata 'yar dabara zan ba ku musamman masu shirin jarabawa da masu lissafin shago. Kun san yanda sunan mutum zai maƙale maka a baki ka yi ta fama ya ƙi zuwa, sai kana wanka ko kana kan babur kawai ya faɗo maka? To akwai ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke aiki a ɓoye ba da saninka ba, kuma ba ya miƙo maka amsa sai ka saki abin, matsawa ba abin da take kawowa sai ciwon kai.

Ni in matsala ta cije min sai in karanta ta sau ɗaya da dare in rufe littafi in kwanta, waya kuma can nesa don wallahi ita ke ɓata komai. A 2004 masu bincike a jami'ar Lubek ta Jamus sun ba mutane wani aikin lissafi mai ɓoyayyar gajeriyar hanya, waɗanda suka yi barcin awa 8 da suka gano ta sun ninka waɗanda ba su yi barci ba fiye da sau biyu.

Amma fa biro da takarda su kwana kusa da kai, don abin da ya zo maka da asuba in ka fara hira ko danna waya cikin 'yan mintuna ya gudu. Rubuta shi a gurguje, bayan sallah ka duba, wani lokacin kam shirme ne zalla.