Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen saya wa yaro kunkuru

Shekara 11 ke nan ina kiwon kunkuru a gidana nan Sakkwato, shi ya sa duk wanda nasa ya daina cin abinci a unguwa ni yake kawo wa. Kuskuren ba ya canzawa, masu yinsa ne ke canzawa.

Da yawa ba sa tambayar wane iri ne. An ga ɗan abu bai fi tafin hannu ba, yaro ya sa kuka, aka biya. Alhali mai launin yashin nan da ke da ƙaya a cinyoyinsa na baya shi ne babban kunkurun Sahel, na uku a girma a duniya. Yana wuce kilo 50, yana iya kai shekara 70, kuma yana haƙa rami har ƙarƙashin katanga. Duk da haka shi na fi yarda da shi, don ɗan ƙasar nan ne, ya san zafinmu, ciyawa ce abincinsa. Amma sai mai tsakar gida ta ƙasa. In gidan haya kake, ka haƙura. Ka kuma nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gidan wani, saboda na daji sun yi ƙaranci sosai.

Kififiyar da masunta ke kamawa a Kwalkwalawa kuwa ba ta yaro ba ce: tana cizo, ruwanta yana wari cikin kwana biyu. Dubi ƙafa kawai. Ta kififiya shimfiɗaɗɗiya ce mai fata tsakanin yatsu, ta kunkuru dunƙulalliya kamar taɓarya. Kada ka jefa mai dunƙulalliyar ƙafa a ruwa mai zurfi, nutsewa zai yi.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai nawa ne. Kunkurunmu na farko a robar wanka na ajiye shi, kan siminti, cikin watan Afrilu. Da safe inuwar darbejiya na rufe wurin, na fita da tunanin ai dabbar rana ce. Kafin azahar inuwa ta gusa. Na dawo na tarar da shi da kumfa a baki, ƙafafu a miƙe. Ɗiyata ta tare ni tana cewa, "Baba, ka tashe shi mana." Ban iya ce mata komai ba. Kunkuru ba ya gumi, babbar hanyar sanyaya jikinsa ita ce ya shige rami ko inuwa, kuma a dajin ma cikin rami yake wuni idan bazara ta tsananta. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, roba a rana tukunya ce. Ni yanzu tsohuwar randa na fasa gefenta, na kifa, na binne rabi a ƙasa gindin bishiya, ina yayyafa mata ruwa da hantsi. Ƙanana kuma nakan zaunar da su a faranti da ruwan da bai kai musu haɓa ba, minti 15, sau uku a mako. Da hunturu sai na shigar da su ɗaki da dare cikin kwali da busasshiyar ciyawa.

Sai masu huda ƙoƙon baya su ɗaura igiya. Ku ji tsoron Allah! Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe, akwai jini da jijiya a ciki. Wani maƙwabcina ya huda nasa da ƙusa mai zafi, ya kawo mini bayan mako biyu da ruɓa a wurin, yana cewa, "Malam, ai ba ya ji." Yana ji. Sai da muka kai shi asibitin dabbobi. In kana tsoron ya ɓace, jera bulo biyu-biyu ka kewaye masa wuri. Fenti ma haka, a bar shi.

Tuwo, shinkafa da burodi ba abincinsa ba ne. Ciyawa ɗanya ko busasshiya, ganyen rama, yakuwa, ɗan zogale da kabewa jefi-jefi. Ni ina barbaɗa dakakken ɓawon ƙwai da na tafasa sau ɗaya a mako. Ban da albasa, kuma a cire duk tumfafiyar da ta tsiro a gidan. A rufe rijiya. A kula da shirwa da gafiya in yana ƙarami.

Akwai ƙwayar cutar salmonela a jikinsa ko da lafiyarsa ƙalau, tana sa gudawa da zazzaɓi. Saboda ita Amurka ta hana sayar da ƙananan da ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba tun 1975. Yaron da bai kai shekara 5 ba, ba na barinsa ya ɗauka, ya dai tsuguna ya kalla. Manyan kuma sabulu na nan a bakin famfo, ba mai sa hannu a kwano sai ya wanke.