Yadda Za Ka Maimaita Gwajin Ibnul Haisam da Kwali da Kyandir Uku

Kafin ka ƙyasta ashana, fara da tambayar yaran da ke gabanka: idan mutum ya kalli bishiya, wani abu ne ke fita daga idonsa ya je ya taɓo ta, ko kuwa wani abu ne ke tasowa daga bishiyar ya shigo idon? Kada ka ba su amsa. A ajin da nake koyar da kimiyya ba a rasa masu rantsuwa cewa ido ne ke aika haske, hujjarsu kuma mage ce, wai ai idonta na ƙyalli cikin dare.

Kada ka yi musu dariya, don waɗanda suka riƙe wannan ra'ayi ba ƙananan mutane ba ne. Iƙlidis na Iskandariyya a kansa ya gina lissafinsa na gani. Batlamiyus, wanda Turawa ke kira Ptolemy, ya bi sahu a ƙarni na 2 miladiyya. Jalinus, likitan da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana karatun likitanci da littattafansa, ya ce wani ruhi ne ke gangarowa daga ƙwaƙwalwa ya fita ta ido. Har Alkindi na Bagadaza, a ƙarni na 9, wannan fahimta ya kare. Rubuta sunayen nan a allo a ɓangaren masu hujja da mage, su san cewa suna da iyayen gida. Ni a ganina darasin ba ya armashi sai yaro ya fara jin nauyin tsohon ra'ayin tukuna.

Sai ka kawo mutumin da ya ja da su. Abu Ali Alhasan Ibnul Haisam an haife shi a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya yi wa halifan Masar, Alhakim bi Amrillah, alkawarin daidaita ambaliyar Kogin Nilu. Da ya je kudu wajen Aswan ya ga aikin ya fi ƙarfin kayan zamanin, sai ya shiga haukan ƙarya don ya tsira da wuyansa, aka tsare shi a gida har halifan ya kau a 1021. Yara suna son wannan labari, amma kada ka daɗe a kansa. Abin da ya kawo mu shi ne Kitabul Manazir, littafinsa mai juzu'i 7 da ya rubuta tsakanin 1011 da 1021 ko kusa da haka. An yi waɗanda suka musanta fitar haske daga ido kafin shi. Abin da ya bambanta shi shi ne ya riƙe layukan lissafin Iƙlidis ya juya musu alƙibla: haske na tashi daga kowane ɗigo na abin da aka haska, ya watsu ta ko'ina a miƙe, kaɗan daga ciki ya faɗa ido. Kuma bai tsaya ga faɗa da baki ba, ya gwada.

Gwajin farko ba ya buƙatar kaya. Yara su ƙura wa taga mai haske ko ƙwan lantarki ido na ɗan lokaci, sannan su rufe idanu. Za su ci gaba da ganin siffar tagar tana yawo cikin duhu. Ibnul Haisam ya kafa hujja da wannan, da kuma zafin da ido ke ji idan ya fuskanci rana: abin da ke barin tabo a ido, daga waje ya shigo. Ja musu kunne da kyau, ban da kallon rana, ko da wasa.

Yanzu kayan aiki. Nemi kwali mai tsawon santimita 30 zuwa 40, irin na taliya ko na sabulu, da gwangwanin lemo wanda aka shanye, da allura, da salatif, da farar takarda, da ɗan man gyaɗa, da kyandir uku. Yanke ƙaramar taga a gefe ɗaya na kwalin. Yanko falle daga jikin gwangwanin, ka huda shi da allura, hujin kada ya wuce milimita 1 zuwa 2, ka manne shi a kan tagar. Dalilin gwangwani shi ne hujin da aka yi a jikin kwali yana fitowa da gashi-gashi a baki, hoton sai ya dushe. A ɗaya gefen, wanda ke fuskantar hujin, yanke babbar taga ka rufe ta da farar takardar da ka shafa wa mai har haske ya soma ratsa ta. Duk wata kafa da ta rage a toshe ta da salatif. A nan yawancin mutane ke faɗuwa: 'yar tsaga ɗaya a kusurwa ta isa ta wanke hoton gaba ɗaya.

Ɗakin ma sai ya yi duhu sosai. Bayan magariba ya fi sauƙi, in kuwa da rana ne a rataya barguna a tagogi, a kuma ba idanu minti 10 su saba. Kunna kyandir ɗaya, ka ajiye shi nesa da hujin daidai tsawon kwalin. Harshen wuta zai bayyana a takardar, girmansa kamar na ainihi, amma kansa a ƙasa. Bar su su yi ta mamaki. In sun lafa, zana musu layi daga saman wutar ya ratsa hujin, wani kuma daga gindinta, su gani da kansu cewa na sama dole ya sauka ƙasa tunda haske ba ya lanƙwasa.

Sai ainihin gwajin nasa. Jera kyandir uku a gaban hujin, da 'yar tazara tsakaninsu. Wuta uku za ta fito a takardar, kowace a wurinta, ta dama ta koma hagu. Sa yaro ɗaya ya kare kyandir na dama da littafi: wuta ɗaya tak za ta ɓace, ta hagu a takardar, sauran biyun ko gezau. Ya janye littafin, ta dawo. Haske uku sun bi ta ƙofa ɗaya da ba ta fi kan allura ba, babu wanda ya gauraya da ɗan'uwansa. Haka ne ya sa ido, da 'yar ƙaramar ƙofarsa, yake iya ɗaukar kasuwa guda da jama'arta ba tare da launuka sun cakuɗe ba.

Gaya wa ɗalibanka gaskiya a nan, domin mai kaifin basira a cikinsu zai gano. Kwalin shi kaɗai bai kashe tsohon ra'ayi ba, ya dai nuna cewa hoto na haɗuwa ba tare da an aika komai daga ciki ba. Ibnul Haisam da hankali ya ƙarasa: ko da a ce wani abu na fita daga ido, dole ya dawo da labarin abin da ya taɓo kafin a gani. Tunda hasken da ke shigowa ya wadatar, mai fita ba shi da aikin yi. Mage kuwa, a bayan idonta akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske kamar madubi. Haska ta da tocila idon ya yi ƙyalli, a kashe komai kuma ba za ka ga ko ɗigo ba.

In da sauran lokaci, fita da su ƙarƙashin darbejiya da hantsi. Ɗigo-ɗigon hasken da ke ƙasa masu zagaye hotunan rana ne, kafofin ganye su ne hujin. Lokacin husufi sukan koma kamar jinjirin wata, kuma Ibnul Haisam ya rubuta maƙala guda a kan siffar husufi ta irin wannan huji. Riƙe fallen gwangwaninka mita 1 daga farar takarda, bayanka ga rana, ka auna da'irar: za ta ɗan wuce milimita 9. Wato nisan rana ya ninka faɗinta kusan sau 108. Raba nisan rana daga duniya, kilomita miliyan 150, da 108, yara sun sami faɗin rana, kusan kilomita miliyan 1.4.

Akwai tambayar da ba makawa za ta zo: in ido kamar kwalin nan yake, me ya sa ba ma ganin duniya a kife? Shi kansa Ibnul Haisam bai yarda hoto na kifewa a cikin ido ba, ya ɗauka a ƙwayar da ke gaban ido ake jin sa tun bai juya ba. An fassara littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572, sai a 1604 Johannes Kepler, wanda ya yi aiki a kan turbar littafin, ya nuna cewa hoton yana sauka ne a bangon baya na ido, kuma a kife. Bayan kimanin shekara 20 Christoph Scheiner ya tabbatar da haka da idon dabba. Wannan ma kana iya yi. Roƙi mahauci idon sa sabo, ka kankare farin bayansa a hankali da reza har ya yi shara-shara ba tare da ka fasa shi ba, sannan ka fuskantar da gabansa ga kyandir a ɗaki mai duhu. Kai ne za ka riƙe rezar, yaran su zo ɗaya bayan ɗaya su leƙa ta baya.