Darasi: Tsufa, hawan jini da kitsen jijiya a jikin kaji

Zuciyar kaza tana bugawa wajen sau 300 a minti ɗaya, ta mutum kuwa kamar sau 70. Jininta ma ya fi namu ƙarfin turi. Awon jinin mutum mai lafiya yana kusa da 120 a lambar sama, na kaza balagaggiya wajen 160, na zakara yakan kai 190. Na talo-talo ya fi haka. Wannan halittarsu ce, amma awon yana ƙaruwa yayin da tsuntsu ke manyanta, jijiya kuma tana gajiya.

Babbar jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya tana bin ƙashin baya, ta ratsa tsakanin ƙoda, sannan ta rabu zuwa ƙafafu. A ɗan tsako cikinta sumul yake, tana miƙewa kamar roba. Shekara da shekaru jini na dukan bangonta, sai bangon ya yi kauri, kitse ya samu wurin maƙalewa. Hanya ta ƙuntata, zuciya ta ƙara wahala, jini ya ƙara hawa, kaurin ya ƙaru. Yawanci daga ɓangaren jijiyar da ya ratsa ciki abin ke farawa, kuma an fi ganinsa a kajin da suka wuce shekara ɗaya.

Ba a gane shi da wuri. Wani lokaci tsohon zakara ya riƙa haki bayan ɗan gudu, zankonsa ya yi duhu, ko ya rage bin kaji. Wani kuwa sai dai a wayi gari a tarar ya mutu. Babu wani magani a kasuwa da ke wanke jijiyar kaza, kada ku ɓata kuɗinku. Aikin mai kiwo shi ne hana abin yin sauri.

Farko abinci. Kazar ƙwai gram 110 zuwa 120 ya ishe ta a yini. A nan Maradi tunkuza da ƙuliƙuli ba su da wuyar samu, kuma abinci ne mai gina jiki, sai dai wanda ba a matse sosai ba mai ya yi masa yawa. In aka haɗa shi da masara ko gero ba awo, ga kaza a kulle ba ta yawo, kitse ya taru a ciki da hanta. A bazara irin wannan hantar takan fashe, kaza mai ƙiba ta mutu tana tsakar yin ƙwai.

Gishiri shi ne inda aka fi yin kuskure. Gram 3 a kilo ɗaya na abinci ya wadatar, wato gram 150 a buhu mai kilo 50. In garin kifin da kuka saya yana da gishiri, ku ɗanɗana, ku rage wanda za ku zuba. Kanwar da ake jiƙa wa awaki kada ta shiga ruwan ƴan tsaki. Gishiri mai yawa yana riƙe ruwa cikin jini, ƙaramar zuciya ta kasa ɗauka.

Kajin nama suna da nasu hawan jinin, na huhu, tun ba su tsufa ba. Jiki yana girma da sauri fiye da huhu. A hunturu aka toshe ɗaki gaba ɗaya aka hura gawayi, iska mai kyau ta ƙare, zuciya ta kumbura, ruwa mai ruwan ɗorawa ya cika ciki. An fi ganin haka daga sati na 4 zuwa gaba. Ku ɗumama ɗakin, amma ku bar kafa ta sama don hayaƙi ya fita.

Cutar Marek, wadda ke shanye ƙafa har kaza ta kwanta ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ita ma tana lalata jijiyoyin jini. Masu bincike a jami'ar Cornell ta Amurka sun nuna haka a 1978. Rigakafinta a ranar ƙyanƙyasa ake yi, saboda haka ku tambayi mai sayar da ƴan tsaki kafin ku biya.

Kajin ƙwai kuwa, in sun kai wata 18 ƙwai ya ragu, ku sayar, ku sa sababbi.

Ranar da kuka yanka tsohon zakara, ku duba da idonku. Bayan fitar da kayan ciki, ku nemi farar jijiyar da ke manne da ƙashin baya, ku tsaga ta a tsaye da sabuwar reza. Mai lafiya cikinta santsi ne. In kun ga tabo mai tudu, fari ko rawaya, ko kun ji tauri a yatsa, ku sake duba awon abincin sauran. Naman wanda aka yanka ana ci, kitsen jijiya ba ya yaɗuwa zuwa mutum. Amma in kaji da yawa suka mutu cikin kwana biyu ko uku, kada ku ɗora wa tsufa, kuma kada ku buɗe su da hannu. Ku ware masu rai, ku kira likitan dabbobi a ranar.